Neman bursu kan ƙudujin hatsi: na maƙale a takardar malami

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama mastar a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ina son yin digirin dakta kan ƙwayoyin gadon hatsi mai jure wa ƙuduji, ciyawar nan da ke kama saiwar hatsi tana hana shi girma. Duk bursun da na nema, sai an ce in kawo takardar amincewar malamin da zai kula da aikina. Malamai tara na aika wa imel, shiru kake ji. Ɗaya kaɗai ya amsa, ya ce ba shi da kuɗin gwajin DNA. Irin da na tattaro daga gonakin Tawa yana nan cikin ambulan, ƙwari har sun fara ci, abin ya dame ni ƙwarai.

Wanda ya taɓa bi ta ICRISAT Sadore (cibiyar binciken noma kusa da Yamai) ko WACCI ta Gana (cibiyar koyar da inganta irin shuka a Jami'ar Gana), don Allah yaya ake samun malami kafin neman bursu?