Wane ƙaramin tsuntsu zan ajiye don nazarin waƙarsa?

Mai tambaya, Barnawa: Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin halittu, aikina kuma a kan yadda tsuntsu yake koyon waƙa ne. Wata tara gare ni, da ɗaki guda a bayan gida. An ambata mini zebra finci, fincin Bengal da kanari, wani kuma ya ce in sa yara su kamo mini na daji. Wanne zan ɗauka?

Malamin nazarin dabbobi, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tunda koyo kake son gani, ɗauki zebra, wato Taeniopygia castanotis (a da ana haɗa shi cikin Taeniopygia guttata), ɗan asalin Ostareliya. Lissafin kwanaki ne ya ba shi nasara. Macen tana yin ƙwai 4 zuwa 6, ta ƙyanƙyashe cikin kamar mako biyu. Ɗan namiji yana haddace waƙar ubansa tsakanin kwana 25 zuwa 65 da ƙyanƙyasa, ya fara da gwalan-gwalan marar tsari, zuwa kwana 90 waƙar ta zauna, kuma da wuya ta sake canzawa har ya mutu. Daga ƙwai zuwa cikakkiyar waƙa wata huɗu ke nan, ka ga ko zubin farko ya lalace kana da damar na biyu. Waƙar gajeriya ce, ba ta cika wuce daƙiƙa ɗaya ba, gaɓoɓi 3 zuwa 7 da yake maimaitawa a jere ɗaya, don haka kwatanta ta ɗa da ta uba abu ne mai sauƙi. Namiji kaɗai ke waƙa, kuma da ido za ka gane shi: kumatu ruwan lemo, baki ja wur. Ka guji farare, ba su da alamar kumatun.

Na Bengal yana jujjuya jerin gaɓoɓinsa, shi ya sa masu bincike a Japan irin su Kazuo Okanoya suka riƙe shi don nazarin tsarin jerin sauti. Amma mace da namiji kamarsu ɗaya, sai ka zauna jiran wanda zai rera. Kanarin Turai, wanda mai bincike Fernando Nottebohm ya yi aiki da shi a Amurka, yana sabunta waƙarsa ne shekara-shekara bisa tsawon yini. Wata tara ba za su ishe ka ba.

Mai kiwon tsuntsaye, Tudun Wada: Malam ya gama magana kan zaɓi, saura raya su. Kada ka sayi aure guda, nemi uku ko huɗu, don kusan rabin 'ya'yan mata ne. Kowane aure da kejinsa, tsawo aƙalla santimita 60, tazarar waya kada ta wuce santimita ɗaya. Abinci gero da acca. Dawa ta yi wa bakinsu girma. Lokacin ciyar da 'ya'ya ƙara dafaffen ƙwai da aka marmasa, ka kwashe shi bayan awa biyu ko uku kafin zafi ya ɓata shi. Ɓawon ƙwan ma dafa shi, daka, ka ajiye musu, in ba haka ba ƙwai kan maƙale wa macen saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam.

Abin da ke kashe su a garin nan na Kaduna: zafin Maris da Afrilu a ɗakin kwano marar silin, iskar hunturu da asuba, hayaƙin gawayi, da maganin sauro, na kunnawa da na fesawa. Sabon tsuntsu kuma ya yi kwana 30 a ware kafin ya shiga cikin sauran. Wanda yake numfashi da baki buɗe ko kana jin ƙas-ƙas a maƙogwaronsa, bar wa mai shi.

Mai tambaya: Na gode. To wayata za ta iya ɗaukar sautin?

Mai aikin sauti a situdiyo, Kawo: Za ta iya, ɗan'uwa, in ka sa mata makirfo na waje da manhaja mai ajiye WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a saita ta a kilohaz 44.1. Kada ka tura ta saƙon murya na WhatsApp, yana matse sautin ya zubar da abin da kake nema. Makirfo ya tsaya santimita 20 zuwa 30 daga sandar da tsuntsun ke sauka, kullum a wuri ɗaya. Rataya barguna a bango don kashe amsa-kuwwa, kashe fanka, ka ɗauka da sassafe kafin a tada janareto. Ragowar gurnani ƙasa da haz 500 ana tace shi a manhajar Audacity, zanen sautin kuma a manhajar Raven Lite, duka kyauta ne.

Malamin nazarin dabbobi: Ƙari biyu. In kejuna suna kusa, yaro zai tsinci gaɓa daga maƙwabci ya cakuɗa, don haka a raba su da katanga, kada su ga juna. Sannan waƙar da namiji yake yi wa mace ta fi sauri da daidaito a kan wadda yake yi shi kaɗai. Rubuta wacce ka ɗauka a sunan kowane fayil, da shekarun tsuntsun a kwanaki.

Malama mai kallon tsuntsaye, Malali: Ni batun kamo na daji ne ban yarda da shi ba. Ba ka san ranar ƙyanƙyasarsu ba, ba ka san wa ya koya musu ba, kuma da yawa suna yin shiru a keji ko su mutu. Amma kada ka raina su, a bakin kogin Kaduna ma akwai darasi. Ɗan baƙin tsuntsun nan Vidua chalybeata yana zuba ƙwansa a sheƙar baiwar Allah, ɗansa ya tashi yana kwaikwayon waƙar mariƙansa. Masanin tsuntsaye Robert Payne ya bi irin wannan kwaikwayo har ya bayyana wani sabon jinsi na dangin baiwar Allah a duwatsun Jos a 1998, Lagonosticta sanguinodorsalis. Ɗauki sautinsu a inda suke ka sa a babin kwatance. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ita ce wurin tambaya kan wannan. Kafin ka sayi ko keji ɗaya, kai wa mai duba aikinka tsarin a rubuce, ka nemi amincewar sashenku kan amfani da dabbobi.