Shawarwarin da aka bayar a Agege kan ikon ɓoyayyen tunani

Bayan Isha a Agege da ke Legas, hira ta kai mu kan bidiyoyin TikTok masu cewa in ka maimaita burinka kafin barci, zuciya za ta jawo maka shi. Wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya ce kyautata wa Allah zato ibada ce, amma tunani bai taɓa sauke buhu daga tirela ba. Wani malamin makaranta ya yarda da rabin abin da bidiyoyin ke faɗa: barci na ƙarfafa hadda, kuma mai yawan cewa ba zai iya ba, gwiwarsa kan yi sanyi.

Ni abin da ke ƙona min rai shi ne ce wa majinyaci tunaninsa ya jawo masa cuta. Aka haɗu kan cewa wanda damuwa ta kwantar a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba.