Sayen gitar bas ta hannu: abin da makaɗan Garwa suka ce

Da aka zauna kan maganar sayen gitar bas (gita mai kaurin sauti) ta hannu daga nesa, kamar Duwala, a kawo ta Garwa, kusan baki ya zo ɗaya: in da hali, je ka ɗauko da kanka. Hoton WhatsApp ba ya nuna wuyan da ya lanƙwashe, kuma zafi da bushewar hunturunmu suna juya katako, musamman gitar da ta saba da laimar Duwala. Ka jona ta da amfilifaya (na'urar ƙara sauti), ka kaɗa tsarkiyoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya tun daga sama har ƙasa, ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana wata ƙara da ba ta dace ba. In gitar mai batir 9V ce, a buɗe gidan batirin a duba tsatsa. Sunan Fender, sanannen kamfanin gita, a kai ba shaida ba ne, jabu sun yi yawa.

Kan aike ne aka yi saɓani. Wasu sun yarda da jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan mota. Ni dai hankalina bai kwanta da saman mota ba, inda ake danne kaya da buhuna. In ya zama dole, a sassauta tsarkiyoyi, a sa akwati mai tauri, a karɓi rasit. Kada a tura kuɗi duka ta Orange Money (hanyar tura kuɗi ta waya) sai wani naka ya gan ta.

Mai sayarwa kuma ya faɗi aibinta tun farko.