Idan kemo ya zo da tangarɗa: zazzaɓi, ƙarancin jini, gyambon baki da lalacewar na'urar gasa kansa

Mai jinya, Zariya: Assalamu alaikum. Masu jinyar masu kansa da ma'aikatan asibiti da ke nan, don Allah kowa ya kawo abin da ya sani kan matsalolin da ke ɓullowa a tsakiyar magani, musamman kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake ɗaurawa a jijiya ko a sha, da abin da ake yi a gida kafin a kai ga likita.

Sista, ɗakin kemo: Wa alaikumus salam. A fara da zazzaɓi, don shi ne mai kisa cikin kwana ɗaya. Kemo yana karya fararen ƙwayoyin jini, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan an ɗaura maganin. Abin da ke ruɗar mutane, daidai lokacin ne amai ya lafa, mara lafiya ya fara cin abinci, kowa ya saki jiki. A sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye a gida, bayan hannu ba ya nuna komai. Idan zafin ya kai digiri 38, ko ana rawar sanyi ko da zafin bai kai ba, sai asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba. Kada a ba da farasitamol kafin a auna, yana ɓoye zafin. A ƙofa a ce "yana kan kemo, ranar kaza aka yi masa", domin ana so allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jijiya cikin awa ɗaya.

Malamin kyamis, Kano: Sista ta taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. A wurinmu kowane zazzaɓi maleriya ne ko taifod, sai a zo a ce a ba da Coartem. Mai yiwuwa maleriyar ce, amma ko gwajin ya nuna ta, wannan bai wanke jinin ba, dole a duba fararen ƙwayoyin. Sannan a guji ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita: suna jawo zubar jini idan filatilet, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, sun yi ƙasa, suna kuma ƙara wa ƙoda nauyi, musamman ga mai karɓar maganin kemo na cisplatin.

Likita, sashen kansa: Kan ɗage ranar kemo. Yawancin tsare-tsare duk kwana 21 ne, kuma ana gwajin jini kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Abin da aka fi bi: nutrofil, wato fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, su kai 1,500, filatilet su kai 100,000. Idan ba su kai ba a ɗage mako guda, wani lokaci a rage yawan maganin ko a ƙara allurar filgrastim mai ƙara fararen ƙwayoyin. Wannan ba alama ce ta cewa cutar ta ci ƙarfin magani ba, ɓargo ne, inda ake ƙera jini, bai gama farfaɗowa ba. Wanda ke ɓata aiki shi ne a ɓace wata biyu saboda kuɗi ko saboda ƙullun kansar ya ragu, a dawo ya ninka. Ƙarin jini kuma yawanci sai himogulobin, wato awon ƙarfin jini, ya sauka wajen 7 ko 8, ko ana haki da jiri. A tanadi 'yan uwa biyu ko uku da aka san rukunin jininsu tun kafin buƙata ta taso. Zoɓo da lemon malt ba sa maye gurbin leda ɗaya ta jini.

Mai jinya, Zariya: Likita, to gyambon baki fa? Shi ke hana cin abinci gaba ɗaya.

Sista, ɗakin kemo: Yaya, bari in karɓa. Yakan fito daga kwana na 5 zuwa na 10. Ruwan da aka tafasa ya huce lita ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, bekin soda ƙaramin cokali ɗaya. Bekin soda na ce, ba kanwa ba. A kurkure baki a tofar, aƙalla sau huɗu a rana, da bayan kowane abinci, a haɗa sabo kullum. Buroshi mai laushi, a ajiye asuwaki mai tauri tukuna. Ban da yaji, tsamiya da lemon tsami. Kunun gyaɗa mai ɗumi, fate, dafaffen ƙwai, ayaba, su ke wucewa. Idan an ga fari-fari a harshe kamar gudajin nono, naman gwari ne, nystatin ko fluconazole ake rubutawa, zuma kaɗai ba ta kashe shi.

Hajiya mai kula da abincin marasa lafiya: A makon nan na biyu bayan kemo a haƙura da nonon da ba a dafa ba, da tsiren bakin titi, da latas da kabeji ɗanye, da yankakkiyar kankana ta kan tire. A dafa a ci da zafinsa. Ga gudawa: ORS leda ɗaya a lita ɗaya, in babu, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin cokali. Idan ta ƙaru da sau huɗu a kan yadda aka saba a rana, ko da jini, ko da zazzaɓi, kada a sha maganin tsayar da gudawa na loperamide, a kira asibiti. Mai shan ƙwayar kemo ta capecitabine ya dakata da ita har ya ji daga likita.

Malamin kyamis, Kano: Hajiya, akasin haka ma na nan. Ondansetron na amai da morfin na ciwo duk suna ɗaure ciki, shi ya sa ake haɗa morfin da lactulose ko bisacodyl tun ranar farko. Dexamethasone kuma yana ɗaga suga, mai ciwon suga ya riƙa aunawa a kwanakin da yake sha.

Sista, ɗakin kemo: Jan maganin nan, doxorubicin, yana mayar da fitsari ja kwana ɗaya zuwa biyu, ba jini ba ne. Amma idan wurin kanula, wato robar da ke cikin jijiya, ya fara zafi ko kumburi ana cikin ɗaurawa, a yi magana nan take, kada a daure don kunya. In ya zube ƙarƙashin fata yana cin nama. Wadda aka cire wa kaluluwar hammata kuma ta miƙa ɗaya hannun don allura da awon jini.

Likita, sashen kansa: Gashi, wato ƙona kansa da hasken na'ura, yana da nasa lissafin. Na kansar bakin mahaifa ana so a kammala na waje da na ciki cikin mako 8, kowane jinkiri bayan haka yana rage nasara. Na'urorin kaɗan ne kuma suna tsayawa. Idan an ce gyara zai wuce 'yan kwanaki, a nemi takardar da ta nuna zama nawa aka yi, yawan hasken da aka bayar, da hoton tsarin, a tambayi wata cibiyar. Ba a fara gashi daga farko kamar ba a taɓa yi ba. Wurin da ake gasawa a wanke da ruwa mai ɗumi, kada a dirje, kada a goge alamar da aka zana.

Abu uku da ba sa jiran ranar kilinik: sabon ciwon baya tare da raunin ƙafa ko riƙewar fitsari, kumburin ƙafa ɗaya ko haki farat ɗaya, da haɓo ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa.

Mai jinya, Zariya: Allah ya saka. Saura maganin gargajiya da azumi, ana yawan tambaya.

Likita, sashen kansa: Addu'a da tofi ba sa karo da kemo. Jiƙe-jiƙen sassaƙe ne matsalar: hanta da ƙoda ke tace su tare da maganin, in gwajin hanta ya hau sai a ɗage kemo. A kawo kwalbar a nuna, ba wanda zai yi faɗa. Azumi kuwa, mai karɓar cisplatin yana buƙatar ruwa lita biyu zuwa uku a rana a kwanakin da suka biyo baya, ya rama daga baya.