Wai me shafukan poka na intanet ke samu a wajen ƙwararrun da suke ɗaukar nauyinsu?

Sabon_Shiga:
Salam jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a kai, ina so masu sani su warware min. Iya fahimtata shafukan poka (wasan karta na caca) kuɗinsu daga kamasho yake fitowa, wato ɗan kason da suke yanka a duk zagayen karta da aka buga, da wanda suke ɗorawa kan kuɗin shiga gasa, su ba ruwansu da wa ya ci wa aka cinye. Toh in haka ne ƙwararre ai shi ne mai kwashe kuɗin sauran mutane ya cire ya yi gaba, me zai sa kuma kamfani ya riƙa ba shi albashi, ya biya masa kuɗin shiga gasa da jirgi da otal don kawai ya liƙa tambarinsu a riga? Ku duba ƙwararren ɗan poka Daniel Negreanu, shekara 12 yana jakadan shafin PokerStars, yana barinsu a 2019 shafin GGPoker suka ɗauke shi. Wai kuɗin nan na dawowa kuwa ko dai gasar nuna isa ce tsakanin kamfanoni?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ta yi ma'ana, amma sai ka koma 2003 kafin ka gane abin. A shekarar ne wani akanta ɗan jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya ci tikitin babbar gasar poka ta duniya, wato WSOP, ta Las Vegas ta hanyar wata ƙaramar gasa a PokerStars wadda kuɗin shigarta ko dala 100 bai kai ba, ya je ya doke kowa ya tashi da dala miliyan 2.5. Mutum 839 ne suka shiga a shekarar. Shekara na zagayowa suka zama 2,576, a 2005 aka samu 5,619, a 2006 kuma 8,773. Ban ce shi kaɗai ya jawo hakan ba, lokacin ne ma talabijin ta fara yayin nuna kartar da ke hannun ɗan wasa da ƙaramar kyamara, kallo ya yi daɗi. Amma fuskarsa ce ta sa duk wani ma'aikacin ofis ya ji ai ni ma zan iya. Kuma ka lura shi fa ba ƙwararre ba ne lokacin, amma PokerStars suka riƙe shi shekara 17, sai ƙarshen 2020 suka rabu. Da iya wasa suke saye da ba su riƙe shi haka ba, don akwai ɗaruruwan da suka fi shi iya wasa nesa ba kusa ba. Labarinsa suke saye.

Sai maganar yarda. A wancan zamanin ana ce maka ka ɗauki kuɗinka ka tura wa wani kamfani da ke can wani tsibiri, ba ka san ofishinsu ba, ba ka san mai shi ba, kuma ba ka ganin hannun da ke raba kartar, manhaja ce kawai. Wa zai yarda? Amma in ka ga mutumin da kake kallo a talabijin kullum sanye da hularsu sai hankalinka ya kwanta. Full Tilt Poker da aka buɗe a 2004 kacokan a kan wannan aka gina ta, manyan ƙwararru irin su Phil Ivey da Howard Lederer da Chris Ferguson duk suna ciki, sunayen ƙwararrunsu da jan rubutu suke fitowa a jerin teburan, kana iya zama teburi ɗaya da su in kana da kuɗin. Ƙarshen 2009 da wani mai laƙabin Isildur1 ya bayyana yana fafatawa da Tom Dwan da Ivey kan miliyoyin daloli, dubban mutane buɗe manhajar suke kawai don kallo, kuma wanda ya buɗe don kallo ai wata rana zai saka ko dala 20 ce. Bayan kamar shekara guda PokerStars suka ɗauke yaron, daga baya aka bayyana cewa ɗan Suwidin ne mai suna Viktor Blom.

Mai_Lissafi:
Yallabai Tsohon_Hannu duk abin da ka faɗa haka ne, amma zamanin da kake magana ya wuce fa. Ni ina tare da mai tambaya rabi da rabi. Shafin poka da kuɗin da sababbi ke zubawa yake rayuwa, in masu sakawa suka ragu masu cirewa suka yi yawa teburan mutuwa suke. Don haka ƙwararren da ba ya jawo sabon mutum asara ce sau biyu, ana biyansa kuma yana cinye kwastomomi. Akwai lokacin da kamfanoni suka riƙa raba kwantiragi barkatai, duk wanda ya kai teburin ƙarshe na wata gasa a manna masa tambari, mutum ya ci gasa ɗaya a ba shi shekara biyu alhali ko maƙwabcinsa bai san yana buga karta ba. Waɗannan kam ban yarda sun taɓa mayar da kuɗin da aka kashe musu ba.

Kuma kamfanonin da kansu sun gane. Da kamfanin Amaya ya sayi PokerStars a 2014 kan dala biliyan 4.9 aka fara duba kowane kwabo, aka rage tawagar, aka zaftare ladan da ake ba masu buga wasa da yawa, aka juya wajen taurarin wasanni. Dama sun taɓa ɗaukar Boris Becker da Rafael Nadal, a 2015 sai ga Cristiano Ronaldo da Neymar, daga baya Usain Bolt da ɗan wasan barkwanci Kevin Hart. Lissafin a fili yake, mai bin ƙwararren ɗan poka a shafukan sada zumunta dama yana da akawun, ba sabon kamu ba ne, amma mabiyan Neymar yawancinsu ba su taɓa riƙe kartar poka ba.

Waɗanda nake ganin sun cancanci kuɗinsu yanzu su ne masu buga wasa kai tsaye a Twitch da YouTube irin su Lex Veldhuis da Jason Somerville wanda ya fara buɗe hanyar, mutum zai zauna awa 8 yana wasa a manhajarka yana hira da masu kallo, kuma akwai link ɗinsa a ƙasa wanda kamfani zai ƙirga mutum nawa suka yi rajista ta nan, nawa suka saka kuɗi. Tambari a riga wa ya isa ya ƙirga abin da ya kawo?

Yar_Gaskiya:
Ni maganar yardar nan ce ta tsaya min a rai, don Allah kar a wuce ta da sauri. Eh fuskar ƙwararre tana sa mutane su yarda, amma yardar ta cancanta? Ranar 15 ga Afrilu 2011 gwamnatin Amurka ta ƙwace adireshin intanet na PokerStars da Full Tilt da Absolute Poker. PokerStars ta mayar wa mutane kuɗinsu ba da daɗewa ba. Full Tilt kuwa, wadda ta fi kowa tara manyan fuskoki, ta kasa. Masu gabatar da ƙara suka ce 'yan wasa na binta kusan dala miliyan 390 alhali abin da ke banki bai wuce miliyan 60 ba, kuma an riga an raba wa masu kamfanin sama da miliyan 440 a 'yan shekaru. Lederer da Ferguson suna cikin waɗanda aka kai ƙara, sun sasanta da gwamnati ba tare da amsa laifi ba, shugaban kamfanin Ray Bitar shi ya amsa laifi a kotu. Mutane sun yi shekaru suna jiran kuɗinsu, sai da PokerStars ta biya dala miliyan 731 a sulhun 2012 ta karɓe Full Tilt sannan hanya ta buɗe.

Kafin nan ma akwai shafin UltimateBet, inda aka gano wasu na ganin kartar abokan wasansu suna kwashe musu kuɗi, hukumar caca ta Kahnawake a Kanada da ta ba shafin lasisi ta ɗora babban alhakin kan Russ Hamilton, wanda shi kansa zakaran WSOP ne na 1994. Fitaccen jakadansu Phil Hellmuth ba a zarge shi da maguɗin ba, amma ya ci gaba da saka tambarinsu har ƙarshen 2010, kuma mutane nawa ne suka bar kuɗinsu a can saboda suna ganinsa?

Shi ya sa nake girmama Victoria Coren da ta ajiye kwantiraginta da PokerStars a 2014 da suka ce za su shigo da wasannin kasino, da Isaac Haxton da shi ma ya bar PokerStars saboda yadda aka canja wa 'yan Supernova Elite, wato matakin ƙoli na masu buga wasa da yawa, lada bayan sun gama shekara suna wahala. Sun san sunansu ne ake amfani da shi. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, caca ce, mafi yawan masu shiga asara suke yi, wanda ake nuna maka da kofi a hannu kuɗin shigarsa ma kamfani ne ya biya, kai kuwa daga aljihunka ne. Wannan amfanin da kamfani ke samu a jikin wani yake fita.

Sabon_Shiga:
Na gode sosai, wallahi na ƙaru, musamman Anti Yar_Gaskiya ban taɓa jin labarin Full Tilt da lambobi haka ba. Toh amma in zamanin ya wuce kamar yadda Mai_Lissafi ya ce, me GGPoker ta gani a Negreanu?

Tsohon_Hannu:
Ai zamanin bai wuce ga kowa ba. Kamfanin da ya riga ya yi suna kuma yana da lasisin ƙasashe ba ya buƙatar aron fuskar kowa sosai. GGPoker kuwa a 2019 a Asiya aka fi saninta, Turawa da 'yan Kanada ba su saba da ita ba, tana matsayin da shafuka suke a 2004 kenan. Ranar da fitaccen jakadan babban abokin hamayyarka ya saka rigarka duk duniyar poka sai ta waiwayo ta dube ka. Shekara biyar bayan nan kamfanin da ya mallake ta ya sayi sunan WSOP ɗungurungum kan dala miliyan 500. Ba Negreanu ne ya yi wannan shi kaɗai ba, manhajarsu da manyan gasanninsu sun yi aiki, amma shi ya buɗe musu ƙofa. Haka in za a shiga sabuwar ƙasa, ɗan ƙasa mai jin yaren mutane ya fi baƙo tasiri, dubi abin da André Akkari ya yi wa PokerStars a Birazil.

Mai_Lissafi:
Na yarda da wannan, amma mutum nawa ne irinsa a duniya? Ba su cika yatsun hannu ba. Kuma akwai wani aikin da ba a rubutawa a talla, duk sanda kamfani ya ƙara kamasho ko ya rage lada, jakada ake turawa gaba ya yi bayani. Negreanu ya sha zagi ba kaɗan ba lokacin da ya fito yana kare ƙarin kamashon PokerStars yana cewa zai rage ƙwararru a teburi wasa ya yi wa sababbi sauƙi, shekaru ana yi masa gori da maganar, manajojin da suka yanke hukuncin kuwa ko sunansu yawancin 'yan wasa ba su sani ba. Anti Yar_Gaskiya, wannan ma ki saka shi a lissafin abin da ake biyansu dominsa.