Waƙa na yankewa a sifikar Bluetooth idan na kunna daga laftof, ina matsalar take?

Ɗan Tela:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku agaza min, abin nan ya ishe ni wallahi. Ina da laftof mai Windows 10 a shago, da ita nake kunna waƙa a YouTube muna ɗinki muna saurare, sai in haɗa ta da wata sifika ta Bluetooth da na ajiye a kan tebur can bakin ƙofa. To sauti ne yake ta yankewa, waƙa na tafiya lafiya lau sai ka ji ɗif na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ta dawo, wani lokacin kuma muryar mawaƙin ce za ta riƙa sarƙewa tana karkarwa. Intanet daga hotspot ɗin wayata nake ja. Abin da ya ɗaure min kai, in na haɗa wayar kai tsaye da sifikar garau take fita har waƙa ta ƙare. Sifikar ce ta fara mutuwa ko laftof ɗin? Kar in je in zubar da kuɗi a banza.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Malam kafin ka taɓa komai ka fara gano wanne ne yake yankewa, netwok ko Bluetooth, don mutane na yawan haɗa su wuri guda. In ta yi ɗif ɗin ka kalli sikirin, bidiyon ya tsaya yana juya zoben nan ko yana ci gaba da tafiya sauti ne kawai babu? In ya tsaya to data ce. In kuma yana tafiya to tsakanin laftof da sifika abin yake. Sannan ka kashe Wi-Fi gaba ɗaya ka kunna wata waƙa da ke ajiye a cikin kwamfutar ka ji ko za ta yanke.

Ɗan Tela:
Na gwada yanzun nan yaya. Bidiyon ba ya tsayawa, sautin ne kawai ke ɓacewa. Da na kashe Wi-Fi na kunna mp3 kuma ko sau ɗaya ba ta yanke ba.

Mai Gyara:
To ai ka riga ka kama ɓarawon, sifikarka lafiyarta ƙalau kar ka sayi wata. Bluetooth a kan zangon 2.4GHz yake aiki, hotspot ɗin yawancin wayoyi shi ma a 2.4GHz yake fitowa in ba kai ka canza ba, kuma a laftof da yawa kati ɗaya ne ke ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth duka har eriya suke rabawa. Kamar lungu ne mai ɗaukar keke napep ɗaya, dole wani ya dakata wani ya wuce. YouTube ba a hankali yake jan bidiyo ba, gutsure gutsure yake kwasowa da ƙarfi sai ya huta sai ya sake kwasowa, to a daidai lokacin kwasar nan ne Bluetooth yake rasa hanya, ita kuma sifika ɗan abin da take riƙewa na sauti bai taka kara ya karya ba, da ya ƙare sai ka ji shiru. Wayarka ba ta yi ne saboda ita da 4G take jan data, wannan zango daban ne ba ruwansa da Bluetooth.

Abin da za ka yi, shiga saitin hotspot a wayar ka nemi inda aka rubuta AP Band ko Band ka mayar da shi 5GHz. In iPhone ce daga 12 zuwa sama ka tabbatar Maximize Compatibility a kashe yake don shi ne ke tilasta 2.4. Sai dai ba kowace laftof ce ke ganin 5GHz ba musamman tsofaffin na hannu ɗin nan, don ka sani ka buɗe cmd (baƙar tagar rubuta umarni ta Windows) ka rubuta netsh wlan show drivers, in ka ga 802.11a ko 802.11ac a layin Radio types supported to tana ɗauka, in b da g da n kaɗai ka gani sai haƙuri.

Ni ma dai wanda na fi so a yi a shago shi ne ka sa kebul ɗin caji ka haɗa wayar da laftof ka kunna USB tethering, ka kashe Wi-Fi ɗin laftof ɗin ɗungurungum. Intanet ta biyo kebul, Bluetooth ya samu fili shi kaɗai, ga wayarka na caji. Wani abu kuma, in akwai hard disk ko filash da ka maƙala a ramin USB 3.0, mai shuɗin cikin nan, cire shi ka gani, shi ma yana fitar da hayaniya a daidai 2.4GHz, kamfanin Intel da kansa ya fitar da bayani a kai tun 2012.

Maman Islam:
Ƙari a kan na Malam Mai Gyara, in sifikar tana da makirfo ka danna alamar sauti a ƙasa ka duba, Windows 10 yana nuna ta sau biyu, ɗaya Stereo ɗaya Hands-Free. Ka zaɓi Stereo. Da zarar wata manhaja ta buɗe makirfo, irin su Zoom ko WhatsApp na kwamfuta, sai ya juya zuwa Hands-Free, sauti ya yanke ya dawo a shaƙe. Nawa haka ya riƙa min ina tsaka da sauraro. Kuma ka kashe Bluetooth ɗin wayarka, wasu sifikun suna kama na'ura biyu lokaci guda, saƙo na shigowa waya sai su saki waƙar su bi ƙarar saƙon.

Na Zinder:
Ni fa ban ga abin wahala ba, ka sayi wayar aux ka huta. Tunda sifikar wuri ɗaya take zaune a shago meye amfanin Bluetooth ɗin?

Ɗan Tela:
Ɗan'uwa gaskiyarka amma waya za ta ratsa tsakiyar shago ne inda yara ke kai kawo da guga, shi ya sa. Malam Mai Gyara Allah ya saka da alheri, laftof ɗin b g n kawai ta nuna don haka na yi na kebul ɗin, tun ɗazu muke sauraro ba ta yanke ba. Hajiya na gode, na samu a Stereo take dama. Saura abu ɗaya, da aka ɗauke wuta ta koma kan batir na ji ta ɗan sarƙe kaɗan.

Mai Gyara:
Amin. Wannan tsimin batir ne, Windows na rage wa katin ƙarfi in ba a caji. Kashe Battery saver, sannan ka shiga Device Manager ƙarƙashin Bluetooth ka danna adaftar sau biyu, in akwai shafin Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi. Ka kuma matso da sifikar ko ka ɗaga ta sama kan shelf, mita 10 da ake faɗa a fili ne, jikin mutum yana tare siginar 2.4GHz sosai, in kwastomomi suka tsaya cirko cirko tsakanin laftof da bakin ƙofa za ka ji ta fara sarƙewa ko da wuta.