Tambaya: ta yaya zan rage yawan kayan huda rami a injin CNC (mai aiki da umarnin kwamfuta) na sassaƙa ƙarfe?

Tana_Bushi:
Salam ƴan uwa. Ina da aikin bushi (guntun bututu da shaf ke shiga ciki) na ƙarfe mai laushi, ramin tsakiya milimita 40 ne, zurfi 70, ya ɓulle ta baya, kuma zanen ya ce H7, wato ma'aunin iyakar kuskuren da aka yarda da shi a faɗin ramin. Yanzu kaya biyar nake ɗaurawa saboda ramin nan kawai, senta diril, ƙaramin diril na 12, babba na 32, sandar borin (mai faɗaɗa rami daga ciki) ta share fage da ta gamawa. Taret ɗin, wato mariƙin kayan aiki mai juyawa, gida takwas ne, in na saka na yankan waje da na tsinkewa shikenan ya cika, ga lokacin da juyawar taret ke ci. Akwai dabara?

Baba_Injiniya:
Wa alaikumus salam yaro na. Ukun farkon nan duk cire su ka sa U-diril guda na 38, wato diril mai insat (haƙoran da ake cirewa a canza), shi ba ya buƙatar senta kuma ba ya son a fara masa ƙaramin rami, haƙoran ma gutsirewa suke in ka yi haka. Zurfinka bai kai ninki biyu na faɗinsa ba don haka gajere zaka nema. Sai sandar borin ɗaya mai kaurin milimita 25, sandar ƙarfe tana jure fitowa har ninki huɗu na kaurinta kafin ta fara rawa, kai 70 kawai kake so. Saura milimita 1 kowane gefe, ka ci shi sau biyu, ita dai sandar ta sare maka bakin ramin digiri 45 a cikin furogiram. Kaya biyu kenan.

Mai_Kabayid:
To Baba ai ana iya gusar da U-diril ɗin ta X, wato ta gefe, ya faɗaɗa ramin da haƙorin waje, kaya ɗaya ya gama komai

Baba_Injiniya:
Ana yi, amma don share fage. H7 a rami 40 tazararsa milimita 0.025 ce kacal, haƙorin da ya gama dukan ƙarfe yana huda ba shi zai riƙe maka wannan ba, yau ramin ya dace da gejin awo gobe ya ƙi. Da ramin kusoshi ne da ban ce komai ba.

Ƙanin_Oga:
Nidai abin da zan ƙara, ka duba ko injinka na turo ruwa ta cikin kayan aiki, in ta waje kawai yake fesawa ɓurɓushi zai cushe ramin ya ƙona haƙori, sannan diril ɗin ya zauna daidai tsakiya in ba haka ba haƙorin ciki ne zai fara karyewa. Kuma da yake ramin ɓullewa yake, a ƙarshe wani ɗan faifan ƙarfe na ɓallewa ya yi tsalle da gudu, kar ka kuskura ka bar ƙofa a buɗe wallahi.

Tana_Bushi:
Nagode sosai Baba, Allah ya ƙara girma. Ruwa ta ciki akwai. Ƙarfin motar ne nake ɗan shakka a kan 38, in lod mita, mai nuna nauyin da ke kan motar, ya haura zan sauko 32 in bar G71, umarnin share fage na furogiram, ya cinye sauran da sandar.